Terabait 40 a akwati, 16 a allo

A watan jiya ne kamfanin shirya bidiyo da nake kula wa da kwamfutoci a Ikeja ya ƙara faifai a akwatin ajiyarsa, suka cika 12, kowanne mai terabait 4. Da tsarin RAID 6, wanda ke cinye gurbin faifai biyu domin kariya, sararin da ya rage ya kai terabait 40. Amma da na zo faɗaɗa tsarin fayil ɗin, wato yadda kwamfuta ke jera fayiloli a faifai, sai ya tsaya cik a 16. Maigidan ya leƙo allon, ya dube ni, ya ce, "Malam, ina sauran kuɗina suka shiga?" Na ce, "Ranka ya daɗe, suna nan, lissafi ne ya gaza."

Abin da ya faru shi ne, wanda ya fara tsara akwatin shekarun baya ya yi amfani da ext4, wani tsarin fayil na Linux, ba tare da kunna lambobi masu bit 64 ba. Idan ana ƙirga tubalan ajiya da bit 32, kuma kowane tubali kilobait 4 ne, to iyakar abin da za a iya ƙirgawa terabait 16 ne, ko da faifai sun cika ɗaki. Sai a 2011 ne kayan aikin kula da ext4, wato e2fsprogs 1.42, suka ba da damar wuce wannan iyaka. Irin wannan katanga ce ke tsayar da tsohon tsarin rabon faifai na MBR a terabait 2, haka kuma tsarin fayil na NTFS na Windows yana tsayawa a 16 muddin an bar tubalinsa a kilobait 4.

Na zaɓi mu koma wani tsarin fayil mai suna XFS, wanda kamfanin Silicon Graphics ya fitar a 1994, kuma kamfanin Red Hat ya mayar da shi zaɓin farko a nau'in Linux ɗinsa, RHEL 7, a 2014. XFS yana raba sararin gida-gida ta yadda ayyuka da yawa za su yi rubutu lokaci guda, abin da ya dace da manyan fayilolin bidiyo, sai dai a aikace faɗaɗa shi ake yi, ba a ƙanƙance shi.

A ganina, ga mai aiki a Legas, girman da aka rubuta a takarda ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne ranar da wuta ta ɗauke, janareta ya yi gardama, sannan aka ce sai an binciki terabait 40 kafin ma'aikata su taɓa fayil ko ɗaya. A nan tsarin fayil na ZFS na kamfanin Sun Microsystems ya burge ni, domin yana binciken kansa alhali ana aiki, amma lasisinsa ya hana shi shiga ainihin Linux, ni kuwa ba na son abin da zai karye duk lokacin sabuntawa.

Kwana uku muka yi muna kwashe fayiloli zuwa faifan aro daga Computer Village, kasuwar kwamfutoci ta Ikeja, kuma ban yarda an fara ba sai da Alhaji maigidan ya sauya baturan inbata.