Yau Duna ya ga ɗan akuya na gudu bai bi shi ba

Yau da safe a gindin dutsen Kufena, ɗan akuyata Gwaggo ya zabura ya gifta ta gaban hancin karena Duna a guje. Duna ya miƙe kunnuwa, ya bi shi da ido, ya waiwayo ya dube ni, sai ya zauna. Ba igiya a wuyansa. Wallahi sai da ƙwalla ta taru mini, ni da gemuna, a kan kare. Wanda ya san abin da na sha tun watan Satumba zai yi mini uzuri.

Awakina tara ne yanzu, duk jajaye irin na Sakkwato, sai tumaki biyu, sai kaji da shaho ya fi ni sanin adadinsu. Duna kuwa a watan Maris na karɓo shi yana ɗan kwikwiyo, bayan an haura mini katanga an kwance bunsuru da dare. Wajen wani mai farauta na samo shi, kuma tun nan na fara kuskure. Uwarsa zomo take kamawa, duk abin da ya ruga a gabanta nama ne. Ni ko ina ta murna wai na samu jini mai kyau.

Tsari na yi har da rubutawa a bayan tsohuwar kalanda: mako biyu yana ɗaure kusa da garke ya saba da warinsu, mako biyu da igiya, daga nan in sake shi mu riƙa fita kiwo tare. Ban san a wane mako muke ba yanzu. Takardar ma an daɗe da hura wuta da ita.

Kyalla ya fara taɓawa. Tana da cikin wata huɗu, saura wata ɗaya ta haihu, tana kan turke kamar kowace akuya da damina. Ya dinga zagaya ta yana haushi, ita kuma tana zillo, igiya ta naɗe mata ƙafa ta faɗi ta gefe. Ko haƙori bai sa mata ba. Kwana biyu tsakani ta yi ɓari, 'yan biyu, duk mata. Mahaifa ta ƙi faɗowa, sai da na kira malamin dabbobi, allurai da kuɗin mansa suka tashi naira 9,500. Ban gama jin zafin wannan ba ya tsinke igiya ya kama ɗan tunkiyar maƙwabci a cinya. Bai kai kwana uku ba ɗan tunkiyar ya mutu. Naira 25,000 na biya a gaban mai unguwa, kuma kuɗin bai ƙona ni kamar zaman da na yi a tabarmar nan ba, dattawa suna ta cewa a yi haƙuri, zaman tare ne, kowa kuma yana kallona a matsayin ɗan bokon da ya ajiye kare bai san me ake yi da shi ba.

Shawarwari kam na sha su. Na yi duka, kuma ba na alfahari da shi. Abin da ya koya kawai shi ne kada ya bi akuya in ina wurin. Na rataya masa guntun icce a wuya yadda zai riƙa buga masa gwiwa in ya yi gudu, cikin kwana huɗu ya gano yadda zai karkata kai ya ruga da abinsa. Wani ya ce in kulle shi da uwar akuya mai jego ta koya masa hankali. Na haɗa shi da Gwaggo, tsohuwar da ko bunsuru yana shakkarta. Ta tunkuye shi sau uku har ya haye kan kwamin dusa yana kuka. Ya ɗauki darasi tsaf: har yau in Gwaggo ta taho yana ba ta hanya. Sauran takwas ɗin kuwa ba su cikin yarjejeniyar.

Sai na koma doguwar igiya, irin ta guga, wajen mita 10. Nan ne abin ya nemi ya haukata ni. Ranar Asabar da Lahadi sai ka ga kare ya nutsu, in kira shi ya dawo, awaki su wuce ya kawar da kai. Litinin in tafi aiki cikin gari, in na dawo Laraba ko Alhamis in gwada shi, sai in tarar kamar ba mu taɓa yin komai ba. Har ya fi da zafi. Mako uku muna haka. Na zargi abinci na ƙara masa. Na zargi tsutsar ciki na ba shi magani. Na fara tunanin ko in mayar wa mai shi.

Akwai wani dattijon Bafulatani da yake bi da shanunsa ta burtalin bayan gidanmu. Na tare shi na zayyana masa komai. Ya saurara yana dogare da sanda, sai ya ce, "Ɗana, in ba ka nan wa yake tare da shi?" Na ce, "Baffa, ai yana gida, yara suna nan." Ya ce, "To." Ya kaɗa shanunsa ya wuce. A raina na ce tsohon nan bai da abin faɗa ne.

Wata Alhamis a ƙarshen Oktoba aka tashe mu aiki da wuri, na shigo gida wajen azahar, lokacin da ba a saba ganina ba. Masara tana shanye a tsakar gida. Awaki biyu sun kwance sun nufo shanyar. Tun daga zaure na ji muryar ɗana mai shekara 9: "Kama ta, Duna! Kama ta!" Duna ya tashi kamar kibiya, ya kore su har bayan rumbu, ya dawo yana kaɗa wutsiya, yaron ya jefa masa ƙanzo. Uwargida tana bakin murhu ko ɗagowa ba ta yi ba, alamar abin ya zama na kullum.

Na tsaya riƙe da labulen zaure ban iya cewa komai ba. Ashe kwana biyu nake koya masa ya ƙyale akuya, kwana biyar ana cuna shi a kanta, har da lada. Ni ina biya da tsawa da sanda, su suna biya da ƙanzo. Ko ni ne Duna na san malamin da zan bi.

Na ce, "Haba, ke ma kina gani?" Ta ce, "Malam, to masarar fa? In tashi daga girki sau nawa?" Kuma gaskiyarta. Ban taɓa tunanin wanda yake fama da awakin nan in na sa ƙafa na fita ba. Washegari na sayo zana uku na kewaye wurin shanya, na canza igiyoyin turke da suka ruɓe, muka yi magana da yaran a kan ba mai sake cewa "kama" a gidan nan. In ba na nan Duna yana ɗaure a inuwar darbejiya da ruwansa. Ƙanzon ma na ce a ci gaba da ba shi, amma sai in an kira shi ya zo.

Daga nan ne igiyar ta fara aiki. Abin da na lura da shi, wanda nake so mai irin matsalata ya riƙe: kafin ya zabura akwai ɗan tsaiko, bai fi ƙiftawar ido biyu ba. Baki ya rufe, kunnuwa su miƙe gaba, wutsiya ta sandare, ƙafar gaba ɗaya ta ɗan ɗaga. A nan ake kira. In ya riga ya tashi, ko ka tsage maƙogwaro ba ya jin ka, sai dai ka koya masa cewa kiranka ba komai ba ne. Da na fara kamo wannan lokacin, in kira sunansa sau ɗaya, in ya waiwayo in miƙa masa ɓallin ƙuli-ƙuli, sai abu ya fara zama. Aljihun rigata duk ya yi maiƙo. Sannan ba na haɗa shi da awaki da ƙarfinsa na safe. Bayan sallar asuba mu biyu muke fita, mu bi ta gonaki mu hau dutsen har inda ake hango rufin Wusasa cikin hazo, ya yi ta bin ƙadangaru a tsakanin duwatsu har harshe ya fito. Sai mun sauko nake sakin garke. Karen da ya gaji ya fi jin magana nesa ba kusa ba.

Tunda an yanke dawa an saki dabbobi, ku kula da gyauro a hanya. Ɗanyen tohon nan da ke fitowa daga kututturen dawa yana da guba, akuya mai yunwa in ta cika ciki da shi tana iya faɗuwa nan take. Ni sai na ba su harawa sun ɗan taɓa kafin mu fita, kuma ina kauce wa gonakin da ke da laima. Shi kuma Duna kullum muka dawo sai na duba kunnuwansa da tsakanin yatsu saboda kaska da ƙarangiya. Allurar haukan kare an yi masa tun yana wata uku, ta shekara-shekara ce, kada a yi wasa da ita a gidan da ke da yara.

Ba wai an gama ba. Awakinmu ya ƙyale, na wasu ban yarda da shi ba tukuna, ballantana tumaki, su da in ɗaya ta firgita duk sai su ruga. Kaji kuma har yanzu in zakara ya buɗe fiffike sai na ga ƙafar nan ta ɗaga. Kyalla ta murmure, ina jin ma ta sake ɗauka, amma in ta hango shi sai ta koma bayan Gwaggo.

Gobe ta burtali za mu bi, inda shanun Baffa suke da 'yan maruƙa, don haka igiyar guga za ta koma wuyansa. Ina so kuma in tsaya in gaya wa tsohon cewa na gano wanda yake tare da shi in ba na nan.