Inda aka kwana kan debimetir ɗin Corollar Yaya

Ƴan uwa masu koyon gyaran mota a gida, ga inda na kai da Corollar yayana. Ƙirar 2005 ce ta Amurka, mai injin 1ZZ-FE, lita 1.8, irin waɗanda suka shigo mana ta Kwatano suka cika titunan Tawa. A tsaye ba ka ce tana da wani ciwo ba. Sai an hau kwalta, an taka totur za a wuce babbar mota, sannan ta shaƙe, ta yi jim, ta ja da kyar. Fitilar inji kuma kullum a kunne take a tablo.

Kafin motar ta iso hannuna kowa ya riga ya ba da fatawarsa. Wani ya ce buji, aka sauya buji. Wani ya ce man ƴan ruwa-ruwa ne ya toshe ta. Na ƙarshe ya ce a sayi sabuwar na'urar auna iska, debimetir ke nan, a huta. Tun da aka rufe gadar Gaya ta iyakar Benin a 2023 kun san yadda kuɗin kayan mota ya koma, don haka na roƙi Yaya ya bar mini ita zuwa ƙarshen mako kafin ya fid da ko dala.

Na fara da ɗan baliz ɗina na ELM327, na'urar karanta ciwon mota, wanda ake soka wa a ramin nan mai haƙora 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ya haɗu da waya ta Bluetooth. Duk motar fetur da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wannan rami, na Turai kuma daga 2001. Lamba ɗaya ta fito, P0171: iska ta yi wa mai yawa. Babu P0100, babu P0102, babu P0103, waɗanda su ne ke nuna wayar debimetir ta tsinke ko ta haɗe. Ku riƙe wannan, domin P0171 ba ta ambaci sunan kowa ba. Famfon mai da ya gaji yana kawo ta, robar iska da ta tsage tana kawo ta, toshewar bakin feshin mai ma haka. A wannan injin musamman, robar da ke tsakanin bututun shan iska da kan inji ta yi suna wajen yoyo idan gari ya yi sanyi. Wanda ya ga lambar nan ya ruga kasuwa, caca ya yi da kuɗinsa.

Sai mun fahimci aikin na'urar kafin lambobinta su yi mana magana. Injin fetur yana son kusan giram 14.7 na iska a kan kowane giram ɗaya na mai. Nauyi ake nufi, ba yawan lita ba, saboda iska mai zafi ta fi sauƙi: lita ɗaya a zafin digiri 45 na watan Afrilu ba ta kai nauyin lita ɗaya a digiri 20 ba, akwai ragin kusan kashi 8 cikin ɗari. To a cikin debimetir akwai wata siririyar waya ta filatinam da lantarki ke dumamawa, ana riƙe ta kullum a wani zafi da ya ɗara na iskar da ke shigowa. Iska ta wuce ta sanyaya ta, da'irar lantarkin ta ƙara wuta don ta mai da zafin inda yake. Yawan wutar da aka ƙara shi ne ma'aunin iskar, shi ake aika wa kwamfutar motar, ita kuma ta yanke yawan man da za ta fesa.

Yanzu ku sa ƙurar hunturu a cikin lissafin. Idan ta lulluɓe wayar, sai ta zama kamar wanda ya rufa da bargo a tsakar gida: iska na kaɗawa amma kaɗan ke taɓa jikinsa. Wayar ba ta sanyi yadda ya kamata, sai ta faɗa wa kwamfuta cewa iska kaɗan ce ta shiga, kwamfuta ta rage mai, injin ya ji yunwa. Na'urar da ke cikin bututun hayaƙi ita ce ke tona asirin, ta ce mai bai isa ba, kwamfuta ta dinga ƙari tana rubutawa. Wannan ƙarin shi ne lambobi biyun da za ku gani a wayar salula, STFT na nan take da LTFT wanda ta haddace. Idan sun tsaya tsakanin ragin 10 da ƙarin 10 cikin ɗari, babu damuwa.

A nan ne aikin ya yi mini daɗi, domin lambobin nan biyu suna raba gardama idan aka karanta su a wurare daban-daban. Ramin da iska ke sata ta cikinsa a bayan maƙogwaron totur ya fi cutar da inji a ralanti, wato yana aiki ba a taka totur ba, lokacin da iskar halal ɗin kaɗan ce, ta satar kuma ta zama babban kaso. Da an ƙara gudu sai lambar ta sauko. Debimetir mai datti kuwa akasin haka yake yi: a ralanti lambar na nan kusa da sifiri, wani lokaci har ƙasa da shi, tana hawa ne yayin da iska ke ƙaruwa. Na bar injin ya yi zafi, na kashe na'urar sanyi da fitilu. A ralanti jimillar biyun ta tsaya wajen ragin 2. A juyi 2500 a minti ta haura ƙarin 12. Da na sa ɗan Yaya ya riƙe wayar muka fita hanyar Badagishiri, a ɗan hawa ta wuce ƙarin 25. Robar kan inji ta fita daga zargi ke nan. Saura biyu, debimetir da famfon mai, domin famfon da ya gaji shi ma sai ana neman mai da yawa yake kasawa.

Abin da ya raba su lissafi ne na ƴan firamare. Inji mai bugu huɗu yana shaƙar cikinsa sau ɗaya a kowane juyi biyu. A juyi 5000 a minti, lita 1.8 sau 2500, a raba da 60, ya ba da lita 75 a daƙiƙa. Iskar Tawa da rana nauyinta kusan giram 1.1 ne a lita, wato giram 82 da ɗoriya idan injin ya cika maƙil. Ba ya cika maƙil, kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari yake samu, don haka abin da za a sa rai shi ne giram 66 zuwa 74 a daƙiƙa idan an take totur har ƙasa. A giya ta biyu, a miƙaƙƙiyar hanya da ba kowa, namu ya nuna 52. Famfon mai ba shi da hannu a yawan iskar da inji ke shaƙa. Ko dai wani abu ya toshe numfashin injin, ko mai awon ne ke tauye mudu. Wannan gwajin a yi shi da mutum biyu, mai tuƙi idonsa a kan hanya, don awaki da amalanke ba su san kana karatun lambobi ba.

Wayoyin ban daɗe a kansu ba. Fish ɗin, wato mahaɗin wayoyin debimetir, na Denso ne mai baki biyar, a zanen Toyota sunayensu +B, E2G, VG, THA da E2. Da makulli a buɗe +B ya ba ni wutar batir, E2G, wayar ƙasa ta lantarki, ya nuna haɗi mai kyau, VG kuma, mai kai wa kwamfuta awon iska, a ralanti ya tsaya wajen bolt 1.3 yana hawa sumul idan an taka. THA da E2 na ma'aunin zafin iska ne. Shi wannan ana gwada shi da mita bayan an zare fish: kusan om 2200 zuwa 2700 a digiri 20, yana raguwa idan zafi ya ƙaru. Hanya mafi sauƙi ita ce da asuba, kafin a tayar da motar da ta kwana, a dubi zafin iska da zafin ruwan inji a baliz. In sun yi kusa da juna, lafiyarsa lau. Namu sun yi.

Akwai wani dattijon makanike a unguwarmu da nake kai wa gaisuwa ina ɗan satar sani. Na nuna masa lambobin, ya dube su ta saman tabarau.

"Malam, duk wannan wahala ta mi ce? Zare fish ɗin ka tada ta. In ta gyaru, shi ne."

"Baba, in na zare ai kwamfutar ƙara mai za ta yi da ka, ko da ciwon na wani wuri ne sai ya ɓuya."

"To, ku ƴan boko. Amma kafin ka wanke shi, buɗe akwatin filtir ka gani. Ƙura ba ta da makulli."

Kan gwajin zare fish har yanzu ina kan bakana. Idan aka zare, kwamfuta tana komawa wani lissafi na ko-ta-kwana, kuma mota na iya canza hali ko da debimetir ɗin ba shi da laifi. Alama ce, ba hujja ba. Amma maganarsa ta biyu ita ce ta fi duk abin da baliz ya gaya mini.

Na ɓalle maƙallan akwatin na ɗaga murfi. Filtir ɗin daga sama fes yake, an sha bugunsa da iskar kwampreso a wurin wanki. Da na ɗaga shi ga rana sai ga haske na ratsowa ta ƙananan huda a gindin naɗe-naɗen takardar. Robar gefensa ta bushe ta lanƙwashe a kusurwa ɗaya, ƙugiyoyin murfin na baya kuma ɗaya bai shiga raminsa ba. Na shafa yatsa a cikin murfin, ɓangaren da ya kamata a ce ko ƙwayar ƙura babu, yatsan ya fito ja da garin ƙasa mai laushi. Haka cikin babbar robar da ta tafi maƙogwaron totur. Busa filtir da kwampreso al'ada ce da ta zauna mana, kuma a ganina ta fi barin sa da dattinsa illa, domin filtir mai datti rage iska kawai yake yi, mai huda kuwa ƙasa yake tura wa inji.

Sukurori biyu ne ke riƙe da debimetir ɗin a jikin murfin. A sami turnabis da ya zauna daidai, kawunansu ba su da wuyar lalacewa. Da ka zaro shi abin da ido zai fara gani wani ɗan ƙwallo ne kamar kan ashana a gefe, a kan wayoyi biyu. Wannan ma'aunin zafi ne, kuma mutane da yawa shi suke wankewa su mayar su ce sun gama. Masu aikin suna can cikin ramin robar. Sai ka juya na'urar ka haska fitilar waya ta ƙasa, za ka hango ƴan wayoyi biyu sirara a miƙe. Namu sun yi furfura, gefen da ke fuskantar iska ya yi kauri da wani abu mai launin toka.

Maganin wankin daga Yamai aka saƙo mini shi a motar fasinja, gwangwanin feshi da aka yi don wannan aikin, wanda ke bushewa bai bar maiƙo ba. Wanda bai samu ba, alkol ɗin isofurofil da masu gyaran waya ke wanke allo da shi yana yi. Ban da fetur, ban da maganin wanke kafireto don yana cin roba, ban da duk wani feshi mai maiƙo. Kada auduga ko tsinke ko buroshi ya shiga ramin nan, kada kuma a busa da kwampreso. Wayar ta tsinke, sai sabo. Na riƙe shi a kan tsumma, na fesa daga ɗan nesa a gajere a gajere har ruwan da ke ɗigowa ya daina fita da launi, wayoyin suka koma sheƙi. Na ajiye shi a inuwa cikin ɗaki, ba a waje ba inda hazo zai mayar da abin da na cire, sai da ya bushe sarai. Na goge cikin murfi da robar, na sa sabon filtir, na tabbata ƙugiyoyin baya sun shiga kafin na danne maƙallan, na duba zoben robar debimetir ɗin bai tsage ba. Sannan na cire kan batir na ɗan lokaci don kwamfutar ta manta tsohon ƙarin da ta haddace. Bayan haka ralanti kan ɗan yi rawa kafin ta sake koyo, kada wannan ya tsorata ku.

A hanya ɗaya, giya ɗaya, juyi 5000 ya ba da giram 68. A ralanti awon ya sauko daga giram 2.9 zuwa 2.2 a daƙiƙa, wanda ya dace da ƙiyasin da masu sana'a ke yi na kusan giram ɗaya ga kowace litar inji ko sama kaɗan. Shaƙewar ta tafi, fitila ba ta dawo ba. Sai dai a hawa jimillar ƙarin tana tsayawa wajen 8, a cikin iyaka amma ta fi yadda nake so. Zan bar Yaya ya ƙone tanki ɗaya tukuna, ya je Ƙonni ya dawo, in sake karantawa. In ta zauna a nan, abin da ke gaba shi ne auna ƙarfin famfon mai, kuma agogon awon ba ni da shi. Wanda ke da shi a nan Tawa, da mahaɗin da ke shiga bututun man Corolla, ina neman aro ranar Asabar.