Takardar jagorar da na rubuta wa baƙi a Daegu

A shekarata ta biyu ta karatu a Daegu, wani birni a Koriya ta Kudu, aka ɗora mini rubuta 'yar takardar jagora don sababbin ɗalibai. Na zage na cika ta da tarihi: a garin nan aka kafa Samsung a 1938, lokacin ɗan kamfani ne mai cinikin busasshen kifi da taliya; kasuwar magungunan gargajiya ta Yangnyeongsi tana ci tun 1658; a nan kuma aka fitar da Usain Bolt daga tseren mita 100 a 2011 saboda ya riga ƙarar bindiga zabura. Sai jin kaina nake wani masani.

Baƙona na farko ya sauko daga jirgin ƙasa mai gudu na KTX a tashar Dongdaegu ƙarshen Agusta, rigarsa sharkaf da gumi. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Yaya, yunwa nake ji, me zan ci?" Na duba takardata, ko layi ɗaya babu.

Daga ranar na sake zubi. Na fara da zafi. Garin a kwari yake, duwatsu sun kewaye shi, ga ɗanshi mai danƙo, har mutanen Koriya na yi masa laƙabi da "Daefrica", wato Daegu haɗe da Afirka. Wanda ya sha ranar Sakkwato ma sai ya nemi inuwa. Sai ciki: makchang, gasasshen hanjin da garin ke taƙama da shi, galibi na alade ne, don haka na rubuta kalmar dwaejigogi, wato naman alade, da manyan baƙaƙe, baƙo ya nuna wa mai abinci kafin ya zauna. Na ƙara da cewa Layi na 3, jirgin da ke tafiya a sama kan dogo guda, yana tsayawa daf da kasuwar Seomun.

Dutsen Palgongsan kuwa sai da na hau da ƙafata. A da na rubuta wai "ɗan tattaki ne" zuwa Gatbawi, mutum-mutumin Buddha da ke can saman dutsen, alhali ban taɓa zuwa ba. Matakala sun haura dubu! Na isa ina haki a watan Nuwamba, na tarar da iyaye mata durƙushe cikin sanyi suna roƙa wa 'ya'yansu sa'ar jarrabawar shiga jami'a. Ina saukowa na goge "ɗan tattaki", na rubuta a zo da takalmin kirki da gorar ruwa.

Samsung da Bolt suna nan, a shafin ƙarshe.