Saitin na'urar auna ingancin wuta kafin a rufe fanel

Na'urar auna ingancin wutar lantarki, irin su Fluke 435, da abin da ka shigar mata take lissafi. Don haka fara da frikwansi da volt. Najeriya da Nijar a kan 50Hz muke; a Najeriya volt 230 ne tsakanin layi da nutiral, 400 tsakanin layi da layi. Wadda aka shigo da ita daga Amurka tana iya zuwa a kan 60Hz da volt 120. In ka bar ta haka, lafiyayyar wuta ma za ta rubuta a matsayin hauhawa.

Sai tsarin wayoyi. Fanel (akwatin rarraba wuta) mai layi uku da nutiral, zaɓi mai waya huɗu. Ɓangaren 11kV kuwa ta taransfomar awo ake kama shi, sai ka shigar da lambar da ke jikinta, misali 11000/110.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne kilam ɗin da ake maƙala wa waya. Akwai kibiya a jikinsa, dole ta kalli ɓangaren lodi, wato kayan da ke shan wutar. Ka juya ta, kilowat ya fito da alamar ragi. Wanda ya fi wannan ɓoyuwa shi ne kilam ɗin layi na ɗaya (L1) ya hau wayar layi na biyu (L2): amp zai fito daidai, amma kilowat ya rikice, domin an karkatar da shi da digiri 120. Buɗe shafin kibiyoyin fes, mai nuna kusurwar volt da amp na kowane layi, ka duba. A kan motar lantarki, kibiyar amp tana bin ta volt ɗinta a baya kaɗan. In ta CT ɗin fanel (taransfomar awon amp) kake aunawa, karanta lambar jikinsa. Ka sa 200/5 a wurin 400/5, rabin lodin za ka gani. Kuma kada a kuskura a buɗe wayar CT alhali akwai lodi, volt ɗin da ke tashi a wurin yana kisa.

Iyakokin da za ka shigar: faɗuwa ƙasa da kashi 90 cikin ɗari na volt 230, volt 207 ke nan, hauhawa sama da kashi 110, wato 253. Ƙa'idar ingancin wuta ta Turai, EN 50160, tana son matsakaicin minti 10 na tsawon mako guda. Amma mai neman abin da ke faruwa lokacin tada babbar motar lantarki, minti 10 zai shanye masa shi, gara daƙiƙa ɗaya.

Gyara agogon na'urar, sannan a riƙa rubuta lokacin da aka koma janareta, in ba haka ba wutarsa da ta layi za su cakuɗe a rahoto guda.