Lahadi a bakin gulbi, da giwan ruwan da na mayar

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare ta gota, an ɗauke wuta tun bayan isha'i, ina tsakar gida bisa tabarma ina rubuta wannan a waya don ɗaki ba ya shiguwa saboda zafi. Hannuna har yanzu ƙarnin kifi yake duk da na wanke da sabulu sau biyu na goga lemun tsami, babban yatsana na dama kuma sai zugi yake, kurungu ne ya soke ni da hantsi.

Tun jiya da marece na haɗa kaya. Sanda biyu, ɗaya ta gora da nake fatsar ƙananan kifi da ita, ɗaya kuma mai muline, wato abin naɗe zare, wadda na saya ta hannu a kasuwar Katako shekara uku ke nan, har yau ba ta ba ni kunya ba. Na cire tsohon zare na naɗa sabo mai kaurin 0.40 don wancan rana ta cinye shi, ja ɗaya sai ya tsinke kamar zaren ɗinki. Dalma ta ƙare mini, sai na je wurin mai gyaran moto na bakin layinmu ya tara mini tsoffin buji guda biyar, su nake ɗaurawa su nutsar da ƙugiya, in ɗaya ta maƙale a dutse ba ka jin zafin asara. Na yanka guntun tsohon silifas na ɗaure a zaren sandar gora, shi ke yawo bisa ruwa yana nuna mini in kifi ya taɓa. Abincin ƙugiya kuma ragowar tuwon dare ne na kwaɓa da dusa da ɗan garin ƙuli-ƙuli, sai hanjin kaza da na karɓo wurin mai kaji saboda tarwaɗa.

Muna idar da sallar asuba aminina ya iso da motonsa. Tare muka yi lakwal a Tawa, aiki ya sake haɗa mu a Yamai, kuma ni na koya masa fatsa, mu mutanen tudu ne dukanmu, kafin mu zo nan ruwan da muka sani bai wuce tabkin Tabalak ba. Muka tsaya wurin mai shayi muka sha da burodi a tsaye, muka miƙe Gudel. A lambunan bakin ruwa wani yaro ya tono mana tana cike da gwangwanin tumatir, na ba shi dala ashirin.

Gulbi ya ja baya sosai, haka watan Afrilu yake. Wanda bai zauna Yamai ba bai san ruwa biyu muke samu a shekara ba, akwai jan ruwa na damina wajen Agusta da Satumba wanda koguna irin su Sirba ke kwararo mana da jar ƙasa, irinsa ne ya fasa Lamorde da Saga da unguwannin Harobanda a 2020, sannan akwai baƙin ruwa da ke tasowa tun daga Gine ya ratsa Mali a hankali sai wajen Janairu yake cika a nan. Yanzu duk sun wuce. Tsibiran yashi sun fito tsakiyar gulbi, shanu na ƙetarewa ruwa bai kai musu wuya ba, kainuwa ta taru a lunguna. Amma mu masu fatsa lokacinmu ke nan, ruwa ya yi garau, kifi ya tattaru a wurare masu zurfi.

Baba mai jirgi yana nan inda muka saba samunsa, yana kwashe ruwa daga jirgi da rabin jarka. Basarke ne, mahaifinsa daga wajen Yawuri ya hauro, shi a nan aka haife shi, Hausa da Zabarmanci duk a bakinsa kamar ruwa. Na durƙusa na gaishe shi, Baba an tashi lafiya, ya ruwa, ya ce ruwa sai godiya ɗana, kun yi latti kifi ya riga ya karya kumallo. Jika biyu muke ba shi ya kai mu ya wuni da mu. Kafin mu tashi ya nuna mana wani gefe da filafili ya ce can ba za mu bi ba, dorina ta haihu kwana biyun nan, kuma dorina mai ɗa ba ta san wasa ba. Ban yi gardama ba, a bisa ruwa abin da Baba ya ce shi ke nan.

Ya kai mu gindin wasu duwatsu inda ruwa ke juyawa yana komowa baya. Na fara da sandar gora, ƙaramar ƙugiya da ɗan tuwo kamar ƙwayar wake, ina neman kawara masu rai da zan sa ma giwan ruwa. Cikin rabin awa na samu shida na zuba a bokiti, ina canza musu ruwa akai-akai don da ruwan ya ɗumama sai su juya ciki sama. Aminina shi karfasa ya sa gaba da tana, kuma yau hannunsa na da sa'a, kafin rana ta yi zafi ya ciro bakwai, biyu daga ciki sun fi tafin hannu.

Wajen ƙarfe tara silifas ɗina ya nutse a hankali ba irin fizgar kawara ba, na ɗaga sai ga kurungu yana wannan gurnani nasa ƙurr ƙurr. Na san halinsa sarai, ƙayoyi uku gare shi, ɗaya a baya biyu a gefe, in ya miƙe su sai su kulle, amma jirgi ya ɗan girgiza daidai lokacin da nake cire ƙugiya ya wuntsila ƙayar ta shige mini yatsa. Kai, zafin har cikin hammata na ji shi. Baba bai ce komai ba, butar shayi na bisa ɗan murhun gawayi a tsakiyar jirgi, ya zuba ruwan zafi a kofi ya sirka kaɗan ya ce tsoma ka bar shi ciki. Minti goma zugin ya sauka rabi. Ya ce mutane na shafa abubuwa iri-iri amma shi ruwan zafi ya gada wurin mahaifinsa.

Daga nan na sa kawara a babbar sanda, ƙugiyar ta bayanta ƙasan ƙaya don ta ci gaba da iyo, na jefa gefen dutse. Ba a jima ba muline ya yi ƙara, zare ya fita da gudu, kafin in tashi tsaye komai ya saki. Na naɗo sai zare kawai, an yanke shi tsaf kamar da reza. Tsage ne. Haƙoransa ba sa barin zaren roba, sai ka sa guntun waya ta ƙarfe tsakanin ƙugiya da zare, ni kuma ba ni da ita. Sau biyu ya yi mini haka, ƙugiya biyu buji biyu kawara biyu.

Da rana ta take muka sauka wani tsibiri, muka kafa zane da filafili biyu muka samu ƴar inuwa, muka ci dambu da zogale da uwargida ta ɗauro mana, muka yi azahar bisa yashi. Nan Baba ya shiga ba mu labarin 1985, shekarar da gulbi ya tsaya cak a Yamai ruwa ya daina gudu, ya ce da ƙafa ya ƙetare ƙarƙashin gadar Kennedy yana saurayi, kifi na mutuwa a ƴan kududdufai mutane na kwasa da kwando. Ya ce amma ko bayan wannan ruwa ya dawo kifi ya dawo, ya sha kama giwan ruwa wanda sai mutum biyu sun rataya a sanda wutsiya na jan ƙasa. Yanzu fa, in ji shi, yashi ya cike ramukan da manyan ke kwanciya, kuma ba a barin ƙanana su girma.

Kamar ya san abin da za mu gani. Bai rufe baki ba sai ga yara uku daga ɗaya gefen tsibirin suna jan gidan sauro cikin ruwa, irin wanda ake rabawa mata masu ciki a likita, biyu sun riƙe baki ɗaya na kora. Na tashi na je. Abin da ke cikin robarsu wallahi ya tsaya mini a rai har yanzu, kifi kamar ɗan yatsa, wasu ba su kai ba, ƴaƴan karfasa, ƴaƴan tarwaɗa masu gashin baki kamar zare, na sa hannu na juya na ga har da ƴan giwan ruwa biyu da zanen jikinsu na ƙuruciya bai ma ɓace ba. Kifin da zai iya wuce kilo 100 in an bar shi, ga shi a tafin hannuna bai kai cokali ba. Na ce ma babbansu, samari wannan ai gobenku kuke kwashewa, ya dube ni ba rashin kunya ba komai ya ce tonton in ba mu kai gida ba yau miyar lami za a sha. Na rasa abin cewa. Na roƙe su su ba ni masu sauran rai, na ba su dala ɗari, na zuba a ruwa, wasu suka yi ƙasa wasu suka taso ciki sama. Na san gobe za su dawo da gidan sauron, kuma ban ga laifin yaran ba, yunwa ba ta jiran kifi ya girma. Amma raina ya ɓaci, na dawo inuwa na kasa shan shayin.

Bayan la'asar muka koma gindin duwatsun. Kawara ɗaya ta rage mai rai. Baba ya ce in jefa can inda inuwar dutse ta faɗa, in bar zare sako-sako, giwan ruwa ba ya bin abinci nesa, laɓewa yake ya zuƙe shi gaba ɗaya. Na jefa na zauna. Rana ta yi ja, iska ta ɗan taso, jiragen masu koma sun fara fitowa, can nesa ana jin matan da ke wanki suna kiran yara. Sai na ji dum a sanda, nauyi kawai ba fizga ba. Na ƙirga uku na ɗaga. Zare ya miƙe, sanda ta lanƙwashe, ya yi ƙasa ya nufi dutse na juyo shi da ƙyar, sai ya taso ya yi tsalle baki buɗe yana girgiza kai, jikinsa fari fat kamar azurfa cikin hasken marece. Baba na cewa kar ka sake masa ɗana, kar ka sake, in zare ya goga murfin kunnensa ya yanke. Aminina ya miƙe tsaye jirgi na tangaɗi Baba ya daka masa tsawa ya zauna. Minti biyar ko shida na jawo shi gefen jirgi, Baba ya sa hannu ya kama leɓensa na ƙasa ya ɗago.

Tsawonsa daga yatsana zuwa gwiwar hannu da ɗan ƙari, ba zai wuce kilo ɗaya da rabi ba. Idonsa na ƙyalli kamar na mage da dare. Shekara uku ina neman giwan ruwa a wannan sanda, wannan ne na farko. Na riƙe shi ina jin bugun jikinsa a hannuna, sai robar yaran nan ta faɗo mini a rai, na san wannan ma bai kai haihuwa ba. Na cire ƙugiya, a gefen baki ta kama bai ji ciwo sosai ba, na ce mayar da shi zan yi.

Aminina ya ce ba ka da hankali ne, ka san nawa ake sayar da kilon kapiten, wato giwan ruwa, a kasuwar Jamaje, kai da iyalinka kuna cin kifin kwali na teku mai ƙanƙara wata da watanni yau Allah ya ba ka na gulbi ka ce ka mayar, in ka sake shi gobe komar wani zai faɗa. Maganarsa akwai gaskiya ciki, na sani. Na dubi Baba. Ya ce kifinka ne ɗana, ni da na kama shi da kasuwa zan kai don da shi nake ci da gida, amma kai albashi gare ka. Iyakar abin da ya ce ke nan. Na sunkuya na sa shi cikin ruwa ina riƙe da wutsiya, kansa na fuskantar inda ruwa ke zuwa, murfin kunnensa na buɗewa yana rufewa, can ya yi wani bugu ɗaya ya watsa mini ruwa a fuska ya yi ƙasa.

Har muka fito aminina bai yi mini magana ba. Sai da muka hau moto muka kusa gida ya ce to ai ko hoto ka bari in ɗauka, sai lokacin na tuna ko waya ban ciro ba. Da muka sauka ya raba karfasarsa ya ba ni huɗu ya riƙe biyar, na ƙi ya ce in ban karɓa ba mun ɓata. Na haɗa da kurungun da ya soke ni da wata tarwaɗa da ta ci hanjin kaza.

Uwargida ta soya karfasar da yaji da albasa, muka ci da yara a faranti ɗaya kafin a ɗauke wuta. Na ba su labari, ita ta ce maigida kai dai da gulbin nan sai Allah, babbar ƴata kuma ta tambaye ni ko in na koma zan gane shi, na ce akwai ɗan tabo a gefen bakinsa na hagu. Na aika ma ƙanena da ke Lome saƙo ta WhatsApp, shi a bakin teku yake jefa tasa ƙugiyar, kullum kukansa gishiri na cinye masa muline sai ya wanke da ruwan famfo duk dawowa, ya ce ba hoto ba shaida, amma zai aiko mini da wayar tsage da ƙugiyoyi masu kyau in ya samu mai zuwa. Kafin nan ranar Asabar zan leƙa Katako in nemi ko wayar birkin keke ce in warware, na ce ma Baba ya jira mu Lahadi mai zuwa tun kafin gari ya waye in Allah ya kai mu.