Daga Fagge zuwa ƙasar kaboyi: abin da na gano a Monument Valley

Tun da na sauka mutanen majalisarmu ba su bar ni na huta ba. Kowa tambayarsa ɗaya: duwatsun nan da muke gani a fim, da gaske akwai su ko zane ne? Akwai su, na tsaya a gindinsu. Shi ya sa na ce gara in rubuta labarin tun yana da zafi a raina.

Wanda bai tashi a Kano a zamaninmu ba zai yi mamakin abin da ke kai dattijo hamada don kallon dutse. Mu kuwa a Plaza ta Fagge da El Dorado ta Sabon Gari da Orion ta Ƙofar Wambai muka san duniya. Sinima ba rufi, sai an yi magariba duhu ya shiga sannan a saka fim. Yau Indiya, gobe Chanis, jibi kaboyi ko fim ɗin yaƙi. Ni na kaboyi ne ya kama ni, har na girma ina bin tarihin 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya. Da ɗan ƙanwata da ke aiki a Phoenix, jihar Arizona, ya aiko mini da takardar gayyata in je sunan ɗansa, sharaɗi ɗaya na gindaya masa: a kai ni Monument Valley, inda darakta John Ford ya ɗauki finafinansa.

Shigata ƙasar ba ta yi daɗi ba. Jami'in da ya duba fasfona, yaro ne sa'an ɗana na uku, ko sallama babu, ko ɗaga kai. Ya tambaye ni nawa ne a aljihuna har sau biyu, ya juya hulata a hannu kamar an ɓoye wani abu a ciki, sannan ya tura mini takarduna da ɗan yatsa. Aikinsa yake yi, na sani, amma aiki bai hana mutunta furfura ba.

Bayan suna muka kama hanya da asuba. Phoenix zafi ne irin na Sakkwato a watan Afrilu, amma kafin azahar mun hau tudu mun isa Flagstaff, sama da mita 2,000 daga teku, sai ga dogayen itatuwa da sanyi har na nemi rigar sanyi. A gidan mai babu mai zuba maka, kai za ka fito ka zuba da kanka, kuma ba wanda zai ce maka sannu da hanya. Kuɗin ruwan gora ɗaya kuwa, in ka juya shi zuwa naira, ya isa abincin rana a Kantin Kwari. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuɗin kyauta da ake ɗora wa mai cin abinci. A wurinmu alheri ganin dama ne, can kuwa na'ura ce za a juyo maka ta tambaye ka kashi nawa cikin ɗari za ka ƙara. Yaron ya ce, "Kawu, albashinsu kaɗan ne, da wannan suke rayuwa." To me ya hana mai shagon ya biya su?

Da muka shiga ƙasar Navajo, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, sai agogon wayata ya yi tsalle da awa guda. Ashe jihar Arizona ba ta canza lokaci da bazara, su kuwa Navajo suna canzawa, alhali mafi yawan ƙasarsu a cikin jihar take. Suna da shugabansu da majalisarsu da 'yan sandansu, kuma faɗin ƙasarsu ya ninka jihar Kano sau uku da ɗoriya. Giya haramun ce a dokarsu, abin da ya kwantar mini da hankali ƙwarai. Ga tumaki, ga jar ƙasa, ga gidaje a warwatse, wasu na laka masu zagaye, ƙofarsu na kallon gabas.

Bayan garin Kayenta muka hau hanya mai lamba 163, ana nan sai ga su. Jajayen duwatsu a tsaye cikin fili fetal, kowanne shi kaɗai, wasu sun kai mita 300. Biyu daga ciki kamar tafin hannu da babban yatsa a ware. Na ce wa yaron ya tsaya. Na fita na daɗe ban ce komai ba sai tasbihi. Allo bai taɓa nuna rabin girmansu ba.

Mun sauka a wajen Goulding, kuma labarin wurin ya isa a ji. Harry Goulding ɗan kasuwa ne da ya kafa kanti a nan yana ciniki da Navajo. Da talaucin shekarun 1930 ya yi tsanani, sai ya kwashi hotunan kwarin ya tafi Hollywood a 1938, ya nace har aka nuna wa John Ford. Daga nan aka zo aka ɗauki Stagecoach, wanda ya fito a 1939 ya ɗaga John Wayne. Ford ya yi ta dawowa: Fort Apache a 1948, She Wore a Yellow Ribbon a 1949, The Searchers a 1956. A bayan tsohon kantin akwai wani ɗan ɗaki na dutse da aka nuna a fim a matsayin masaukin kyaftin ɗin da Wayne ya fito. Ashe rumbun dankalin matar Goulding ne. Na leƙa ciki, bai fi shagon mai shayi ba.

A bakin ɗakin nan na haɗu da mutumin da ya zame mini abokin hira. Bature ne ɗan jihar Ohio, tsohon direban babbar mota, ya haura saba'in, yana tafe da sanda. Ya ji ina yi wa yaron bayani, sai ya matso ya ce ko na san sunan John Wayne na yanka. Na ce Marion Morrison, haifaffen Iowa, 1907. Ya buɗe baki, ya ce daga ina nake. Da na ce Najeriya sai ya ce lallai mu zauna bayan cin abinci, kowa ya jefo tambaya, wanda ya kasa shi zai sayi shayi.

Ni na fara. Na ce ya lissafo mini bakwai ɗin The Magnificent Seven na 1960. Ya kawo Yul Brynner, Steve McQueen, Charles Bronson, James Coburn, Robert Vaughn, ya yi ta murza goshi har ya tuno Bajamushen nan Horst Buchholz, sannan ya cije. Na bakwai Brad Dexter ne, shi kowa ke mantawa. Ya rama da cewa asalin labarin na Japan ne, fim ɗin Kurosawa na 1954, na ce wannan ai sananne ne. Sai ya kawo wadda ta ƙara mini ilimi: tseren nan na Stagecoach, inda mahayi ya dira tsakiyar dawakin keke, aka harbe shi, ya faɗi ƙasa dawakai da keken suka wuce ta kansa, ba a wannan kwarin aka ɗauka ba. A wani busasshen tafki ne a California, kuma Yakima Canutt ne ya yi kasadar da jikinsa, shi ne kuma daga baya ya tsara tseren kekunan doki na Ben-Hur. Na sayi shayin da farin ciki. Na mayar masa da ta babur ɗin The Great Escape: ba McQueen ne ya tsallake wayar ba, abokinsa Bud Ekins ne. Ya ce haka ne, ya ƙara da cewa Donald Pleasence, mai buga takardun jabu a fim ɗin, fursunan yaƙi ne na gaske a hannun Jamusawa bayan an harbo jirginsu.

Nan hira ta juya zuwa wa ya je yaƙi da gaske, wa ya tsaya a gaban kyamara, kuma nan muryarsa ta canza, don mahaifinsa soja ne. John Wayne, duk da kakin da ya yi ta sakawa a fim, bai je Yaƙin Duniya na Biyu ba. James Stewart kuwa, mai sanyin magana, matuƙin jirgin yaƙi ne da ya yi ta kai hari Jamus, har ya kai birgediya janar. Lee Marvin an harbe shi a Saipan a 1944. Shi kansa Ford ya ji rauni yana ɗaukar hoton yaƙin Midway a 1942. Richard Todd ya dira da lema a Normandy ranar 6 ga Yuni 1944, sannan a The Longest Day ya fito a matsayin manjon da ya kama gadar da shi kansa ya je taimakon tsarewa. Amma wanda muka fi daɗewa a kansa shi ne Audie Murphy, ɗan ƙaramin yaro ɗan Texas da ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi soja. A Janairun 1945 a Faransa ya hau motar yaƙi tana cin wuta, ya tare Jamusawa shi kaɗai da bindigar da ke kanta. A 1955 ya fito da kansa a To Hell and Back, labarin rayuwarsa. Yaƙin bai bar shi ya yi barci mai daɗi ba har ya mutu a haɗarin jirgi a 1971.

Sai ya kawo Objective, Burma! na Errol Flynn, 1945, yana dariya, wai Turawan Ingila sun fusata har aka janye fim ɗin daga sinimominsu, don an nuna kamar Amurkawa ne suka ci Bama alhali sojojin Birtaniya da Indiya ne suka sha wuyar. Na ajiye kofi. Na ce to ga tawa: su wane ne suka ratsa kwarin Kaladan na ƙasar Bama a 1944, kaya a ka, ana jefo musu abinci ta jirgin sama, kuma Hausa ce yaren barikinsu? Ya yi shiru. Na gaya masa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, dubban 'yan Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Na ce har yau akwai barikin Chindit a Zariya, da na Myohaung a Legas, da Burma Camp a Akra. Na ce baffana yana cikinsu, ya dawo da lambar Burma Star da tari da bai rabu da shi ba. Ingila ta yi fushi an share ta daga fim ɗaya. Mu a Plaza mun kalli finafinan yaƙi iya kallo, muna tafi muna ihu, ban taɓa ganin fuska irin ta baffana a allon ba, kuma tsofaffin sojan suna nan zaune a unguwa ba mai tambayarsu. Mutumin ya cire hularsa, ya ce shekara saba'in yana kallon finafinan nan bai taɓa ji ba. Ya rubuta sunayen a bayan rasit, ya karɓi lambar yaron. Shi ya biya shayin ƙarshe.

Washegari wani Banavaje ya zaga da mu cikin kwarin a buɗaɗɗiyar mota, hanyar mil 17 ce ta ƙura da gargada. A wurin da ake kira John Ford's Point akwai mai doki da ake biya a hau a ɗauki hoto. Na hau, amma dokin bai kai na hawan Nassarawa ƙiba ba. Jagoran ya ce kakanninsa su ne Indiyawan daji da muke gani ana harbewa suna faɗowa. Yau a ce su 'yan ƙabilar Apache ne, gobe Comanche. A Cheyenne Autumn na 1964 yarensu na Navajo suke yi a matsayin Cheyenne, suna sakin barkwanci da fuska a murtuke, shi ya sa in an nuna fim ɗin a nan 'yan kallo dariya suke yi inda Turawa ke jimami. Na tuna yadda muke murna idan sojan doki suka iso da ƙaho, raina bai yi daɗi ba. Mutanen nan su ne suka ba Amurka matasa kusan 400 da suka riƙa aika saƙon sirri da yarensu a yaƙin Japan, an fara da 29 a 1942, kuma ba a yarda su faɗi abin da suka yi ba sai 1968. An haƙi yuraniyom a wannan ƙasa tasu, ciwon huhu ya kwashe mahaƙa da yawa. Mutanen Arlit ta Nijar, inda aka haƙi yuraniyom, sun san wannan labarin.

Da ya ga hirar ta yi mini daɗi sai ya kai mu gidan mahaifiyarsa, ba ya cikin abin da muka biya. Tsohuwa ce mai saƙar darduma, da mota ake ɗebo musu ruwa daga nesa, a cikin Amurka. Ta zubo farfesun tunkiya. Yaron ya yi mata bayanin yanka, ba ta ɓata rai ba, ta tashi ta soya mana wata fanke mai faɗi ta zuba zuma, ta tsaya a kaina sai da na cinye biyu. Na miƙa mata kuɗi ta ture hannuna. A rumfar 'yarta na sayi sarƙar shuɗin dutse don uwargida, ta ce dala arba'in, na taya ashirin da biyar, yaron yana ta taɓa ni wai ba a ciniki a ƙasar nan. Ana yi mana. Talatin muka daidaita, har da gyaran 'yan kunne.

A hanyar dawowa mun leƙa Grand Canyon. Rami ne mai ban tsoro, amma jama'a sun yi yawa, kowa da waya a sama. Kudu da Phoenix kuma mun tsaya a Sacaton, wurin tunawa da Ira Hayes, ɗan ƙabilar Pima da ke cikin waɗanda suka kafa tutar Amurka a tsibirin Iwo Jima a yaƙin Japan, ya fito na ɗan lokaci a fim ɗin Wayne na 1949 kan wannan yaƙin, ya mutu a 1955 yana da shekara 32. Sauran kwanakin na jego ne da ziyara da sayen tsaraba, sai cajin kayan da suka yi nauyi a filin jirgi, wanda har yanzu nake ganin zalunci ne.

Lambar baffa tana cikin adakar gwaggo a Fagge. Jiya na je na ɗauki hotonta gaba da baya, da hotonsa cikin kaki da jar dara, na tura wa yaron ya aika Ohio.