Abin da gyaran tsofaffin bindigogin iska ya koya mini

Kusan duk wanda ya shigo shagon maigidana da tsohuwar bindigar iska a naɗe cikin buhu, buƙatarsa ɗaya ce: a ƙara mata ƙarfi. Wani zai ce da can tana huda gwangwanin madara gaba da baya, yanzu ko tantabara ta raina ta. Maigidan nawa, wanda muke kira Baba, ba ya musu da kowa. Takarda yake fara tambaya. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin jerin waɗanda sai da lasisin 'yan sanda ake riƙewa, gyaransu ma sai da izini. Wanda ya zo hannu rabbana sai ya koma da kayansa, kuma a Kadunar yau ba sai an yi wa mutum dogon bayani ba.

In takarda ta cika, tsumma da ɗan mai ake fara ɗauka, sukundireba na gefe tukuna. Sai an goge ƙarfen an karanta abin da ke jikinsa. Bindigogi uku a jingine da juna tambarin BSA ne na Birmingham a Ingila, masu ƙirar Meteor da ta fito a 1959, kuma haruffan da ke gaban lambarta su ke nuna wane zubi ce. In tambarin mace ce ta yar da baka ta ɗaga bindiga, wannan ƙirar Diana ce. A nan ake tuntuɓe. Asalin kamfanin na garin Rastatt ne a Jamus, tun 1890, amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu injinansa da sunansa suka koma hannun kamfanin Milbro, aka riƙa ƙera Diana a Sikotilan. Su Jamusawan da suka farfaɗo, sai suka dinga sayar da tasu a Birtaniya da sunan Original. Saboda haka bindigogi biyu za su iya amsa suna ɗaya amma kayan cikinsu su ƙi shiga juna. Da yawa daga cikin na Jamus suna da wata da shekarar ƙira a gefen hagu na silinda, can baya kusa da katako, da rubutu ƙanana ƙwarai har sai an kawo su bakin ƙofa wurin haske. In ka ga harafin F cikin zane mai kusurwa biyar, an ƙera ta ne bisa ƙa'idar Jamus ta kada ƙarfinta ya wuce jul 7.5, jul kuwa ma'aunin ƙarfin harbi ne. Irin wannan ba ta lalace ba, haka aka haife ta.

Faɗin bututu ma sai an tantance. Akwai mai milimita 4.5, akwai mai 5.5, amma tsofaffin na Ingila da yawa sun ɗan fi faɗi, wajen 5.6 suke. Sai mutum ya sayi dalmar zamani, wato ɗan harsashin da ake sa mata, ta shiga sako-sako, iska na tserewa ta gefenta, ya ɗora wa sifirin laifi.

Yadda take aiki ba wuya. Ka karya bututun, ya tura fistin baya, fistin ya danne sifirin har kunama ta kama shi. Ka ja kunama, sifirin ya wurgo fistin gaba, ya matse iskar da ke silinda ta bi wani ɗan rami ta tunkuɗa dalma. To amma ko ba a ɗana ta ba, sifirin na nan a matse a ciki. Wanda ya zare fil ɗin baya haka kawai, murfin na iya tashi ya same shi a fuska. Mu wani katako mai kauri muke ɗaure ta a kai, da dogon noti da aka yanka mana a Panteka, muna sassautawa a hankali har sifirin ya gama miƙewa.

Wata Meteor da wani dattijo ya kawo daga Kakuri, ya ce ta mahaifinsa ce tun zamanin da masaƙu ke aiki dare da rana, ita ta fi tsaya mini a rai. Da muka buɗe, sai ga guntun sifirin mai kauri, da alama na babur ne, an datse shi da zarto ba a ko daidaita bakinsa ba. Bakin ya kankare cikin fistin, ga baƙin mai ya daskare, ga warin ƙuna. Baba ya juya shi a hannu ya ce, "Alhaji, wa ya yi maka wannan aika-aikar?" Dattijon ya ce, "Wallahi Malam, wani yaro ne ya ce zai mayar da ita sabuwa. Kuma da farko har ƙara take yi da hayaƙi."

Wannan ƙara da hayaƙin su ne mutane ke ɗauka ƙarfi ne. Iskar da aka matse farat ɗaya tana yin zafi sosai, in ta tarar da man inji sai ya kama wuta, daidai yadda injin dizal ke tashi ba tare da fulogi ba. Harbi ɗaya ya yi sama, na gaba ya yi ƙasa, roba ko fatar fistin ta ƙone, sifirin ya karye. Man gyaɗa kuwa danƙo yake zama. Giris mai sinadarin moli ake shafawa kaɗan a jikin fistin, bayan robar, a ɗan lakata wa sifirin don ya daina kaɗawa. Gaban fistin a bar shi a bushe.

Masu fata a kan fistin, irin tsofaffin Diana 27, su na fi jin daɗin gyarawa, domin kayan aikin na nan gida. Kirgi mai kyau daga wurin dukawa, a yanka shi da'ira, a jiƙa da ruwa, a danna cikin guntun bututu mai faɗin silindar har ya ɗauki siffar ƙoƙo, a bar shi ya bushe, sannan ya kwana cikin man fata irin wanda ake shafa wa sirdi. Fata tana shan mai, kuma hunturun Kaduna ba ya raga mata. Sau da yawa bindigar da aka ce ta mutu, ƙishirwa ce ke damun fatarta, ɗigo biyu ko uku ta ramin iska a bar ta tsaye ta kwana ya wadatar.

Batun ƙarfi kuwa, girman silinda ne ya yanke hukunci tun daga masana'anta. Iskar da za ta ɗauka ba ta ƙaruwa don ka cusa ƙaton sifirin. Abin da za ka samu shi ne wuyar ɗanawa, girgiza, cinyewar haƙorin kunama, da fistin mai dukan bango. Shi ya sa muke auna tsohon sifirin, kaurin wayarsa da faɗinsa da yawan zagayensa, mu nemi makamancinsa, mu goge bakunansa su kwanta sumul. A ganina gwanin gyara shi ne wanda bindiga ta fita hannunsa tana harbi na goma kamar na farko.

Rashin saiti kuma galibi daga waje yake. Notinan da ke riƙe katako sukan kwance saboda girgiza. Notin da bututu ke juyawa a kansa in ya saki, bututun na lilo hagu da dama. 'Yar robar da ke bakin wurin sa dalma in ta lafe, ɗora ƙyallen takarda mai laushi a kai ka harba, za ka ga ya tashi. Leɓen bututu in ya taɓa bugun ƙasa ya lotsa, dalma ba za ta fita daidai ba. Sai an gama da waɗannan ake zargin ciki. Wani lokacin ma mai ita ne: ya ƙanƙame ta kamar za a ƙwace. Ita tana fara motsi tun dalma ba ta bar bututu ba, don haka a tafin hannu ake ɗora ta sakwa-sakwa, wuri ɗaya kullum, a gwada a takarda daga nisan mita 10.

Kwalliyar waje ba na ɓata lokaci a kanta. Tsatsa, soson ƙarfe mafi laushi da mai. Katako, a wanke a shafa man katako siriri. Masu bin ta da samfefa su fesa baƙin fenti sun share tambari da lamba, gobe ba mai sanin ko wace ce, ga lambar da ke kan lasisi ta ɓace.

Kafin mai ita ya tafi, Baba kan sa ni in nuna masa da hannu. Ya riƙe bututu gam lokacin da yake sa dalma, domin in kunama ta kuɓuce a buɗe, bututun zai rufe da ƙarfi ya lanƙwashe sama, katakon ma na iya tsagewa. Kada ya harba ta babu dalma a ciki. Kada ya ajiye ta a ɗane. In zai ɗora mata madubin hange, ya nemi wanda aka yi don mai sifirin, saboda girgizarta gaba da baya take yi, tana wargaza na bindigar harsashi. Da damina ya goge ƙarfen da tsumma mai mai duk lokacin da hannu ya taɓa shi, ya kulle ta inda yara ba sa kai wa, dalma kuma a wani wuri daban.